Raunin Gudun Fankar Sama: Laifin Ragileta ne ko na Wani?

Idan bazara ta kama a ƙasar Hausa, daga watan Maris zuwa Mayu, fankar da ta rage gudu takan hana mutanen gida barci. Galibi abin da aka fara zargi shi ne ragileta, wato akwatin nan na jikin bango mai lambobi, wanda ake murɗawa don ƙara gudu ko ragewa. Sai a sayo sabo a ɗaura, fanka kuma ta ci gaba da jan jiki, kuɗi sun tafi a banza.

Dalili kuwa shi ne, ragileta ba ya ƙara wa fanka ƙarfi ko kaɗan. Yana zaune ne a kan hanyar wuta, tsakanin makunni da fanka, aikinsa kawai ya tauye wutar da ke wucewa. A lambar da ta fi gudu, wuta kan wuce kai tsaye kamar babu shi. Ke nan idan fanka ta yi sanyi ko a wannan lamba, da wuya laifin ya zama nasa. Hanyar tabbatarwa ita ce a kashe wutar gidan daga babban makunni, a kwance wayoyi biyun da ke shiga ragileta, a haɗa su da juna, a naɗe da tef, sannan a maido da wuta. In fanka ta ɗauka da ƙarfi, to ragileta ne ya lalace. In ba ta sauya ba, sai a ɗaga kai sama. Kashe makunnin bango kaɗai bai wadatar ba, domin wasu masu haɗa wuta kan ɗora shi a kan wayar da ba ta ɗauke da wuta, mai wutar kuwa tana nan a raye har jikin fanka.

A sama, abin da ya fi yawan gajiya shi ne kafasita, wani ɗan ƙullin kaya da ke maƙale kusa da sandar fanka. Injin fanka yana da naɗin waya biyu, kafasita ce ke sa wutar ɗayan ta riga ta ɗayan, daga nan juyi ke samuwa. Idan ta tsufa sai gudu ya ragu a kowace lamba. Idan ta mutu sai fanka ta riƙa gurnani, ba ta tashi sai an tura fiffikenta da sanda. Yawanci ƙarfinta bai wuce maikurofarad 2.5 ba, kuma a rubuce yake a jikinta. Wasu masu gyara kan sa wadda ta fi wannan girma don mai gida ya ga gudu ya yi murna. Wannan ganganci ne, domin naɗin wayar zai riƙa zafi har ya ƙone, aiki ya koma wurin mai rewaya.

Akwai kuma ƙurar hunturu da ke busar da man boris. Ana gane wannan idan an juya fiffike da hannu ya tsaya nan take, ko ya yi ƙara. Haka nan wutar Nijeriya volt 230 ce a ƙa'ida, amma idan ta zo da rauni, dukkan fankokin gidan za su yi sanyi tare, babu abin da sauya kaya zai gyara.

Laifin ragileta na gaskiya yana da alamunsa: wata lamba ta yi shiru alhali sauran na aiki, ko duk lambobin su ba da gudu ɗaya. Tsohon samfuri mai babban akwati yakan zubar da rarar wuta ta hanyar zafi, shi ya sa bangon samansa kan yi baƙi. In ya fara warin ƙuna, a cire shi a ranar. Wanda kuma aka yi domin rage hasken ƙwan fitila bai dace da fanka ba, yakan sa ta tsuwa a ƙananan lambobi, inji kuma ya yi zafi.