Gyaran irin shanu da kaji: namijin da ya dace

Manoma da makiyaya, darasinmu na wannan fitowa ya shafi gyaran iri. Ma'anarsa ita ce a haɗa namiji na wani iri da macen gida, domin ƴaƴansu su ɗauko nagartar kowane ɓangare. Rabin jinin maraƙi na uba ne, rabi na uwa. Saniya takan haifi ɗa guda bayan wata 9, amma bajimi guda yana barbarar shanu da yawa cikin shekara. Saboda haka zaɓen bajimi ya fi komi nauyi.

Ba sai mun je nesa ba. Ƙasarmu tana da Azawak, saniya mai madara da nama, mai jure zafi da ƙishirwa. Tun 1954 ake tace wannan iri a gidan kiwo na Tukunus, kusa da Filinge. Mai shanun Bororo, waɗanda suka iya doguwar tafiya amma madararsu kaɗan ce, idan ya sa musu bajimin Azawak zai ga bambanci ranar da ƴaƴan suka kai tatsa. Shanun Turai, kamar Holstein, sun fi ba da madara nesa ba kusa ba, sai dai zafinmu da kaska suna kayar da su. Wanda ke kusa da gari, yana da harawa, dussa, ruwa da likitan dabbobi, yana iya gwadawa, amma ya tsaya kan rabi da rabi. In jinin Turai ya zarce haka, juriya sai ta ragu. Makiyayin daji kuwa, a ganina, Azawak ta ishe shi.

Kada bajimi ya wuce shekara 3 cikin garke guda, don kada ya hau ƴaƴansa, jini ya raunana. A yi musanya da wani gari, a dandaƙe sauran mazan.

Wajen kaji, mutane da yawa suna asarar kuɗi. Fararen kajin nama suna isa yanka cikin kwana 45 zuwa wata 2, amma ba iri ba ne na ajiya. An riga an haɗa su tun daga can, ƴaƴansu ba su kai su ba, kuma zakaransu nauyi yana hana shi barbara. A kiwata su, a sayar. Mai son gyara kajin gida ya nemi jan zakara da ake kira Rhode Island. Sai unguwa ta shirya a fitar da zakarun gida duka, in ba haka ba aikin banza ne, tun da kaza ba ta san katanga ba.

Ƴaƴan wannan zakara sun fi girma da yawan ƙwai, amma sau da yawa ba su son kwanci. A bar ƴan kajin gida domin su kwanta bisa ƙwai kwana 21. A kuma yi wa duka rigakafin annobar kaji kafin sanyin hunturu ya shigo.