Darasi na 14: Fankokin Gaɓar Tekun Bangui

Idan aka ambaci yawon buɗe ido, wataƙila hankalinku zai tafi Yankari ko Dutsen Olumo. To, akwai inda mutane ke yin doguwar tafiya domin kallon tashar wutar lantarki. Wurin yana garin Bangui, a lardin Ilocos Norte, can arewacin ƙasar Filifin.

A da, mutanen lardin suna fama da yawan ɗauke wuta, domin daga nesa ake kawo musu ita. Amma Allah ya hore musu iska mai ƙarfi da ke kaɗowa daga teku. A shekarar 2005 aka kafa manyan fankoki 15 a bakin ruwa, aka ƙara 5 a 2008. Ku lura, waɗannan ba irin fankar ɗakinku ba ce. Ita taku wuta take ci ta ba da iska; su kuwa iska ce ke juya fukafukansu, injin da ke sama ya haifar da wuta.

Kowace fanka tsayinta mita 70 ne, kowane fiffike kuma mita 41. Farare ne fat, an jera su a kan rairayi, sun bi lanƙwasar gaɓar teku. Babu katangar da ta raba su da jama'a. Mutum zai taka har gindin fanka, ya ɗaga kai sai hularsa ta faɗi, yana jin ƙugin fukafukai a bisa kansa. A ganina, wannan kusanci ne sirrin wurin. Da yamma, in rana ta yi ja za ta faɗi, kowa sai ya zaro waya.

Ba don baƙi aka gina su ba, amma baƙin sun kawo kasuwa. Mutanen gari suna sayar da 'yan ƙananan fankoki na katako domin tsaraba. Sai dai iskar da ke juya fankokin ita ce ke tayar da igiyar ruwa, saboda haka wanka a nan akwai haɗari.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin fankar ɗaki da fankokin Bangui?
2. Ku yi jimla da "fari fat", wata kuma da "tsaraba".
3. A Lambar Rimi ta Jihar Katsina ma an kafa irin waɗannan fankoki. Me kuke ganin zai jawo baƙi can, alhali babu teku?