Yadda Ake Zaɓen Mai Kaya da Kafintan Sabon Kicin

Haɗa kicin na zamani aiki ne da ke bi ta hannun mutane da yawa: mai sayar da alluna, mai yankan dutse, kafinta, mai famfo, mai wayarin da mai tayil. Kuskuren ɗaya yakan faɗa kan aikin sauran. Saboda haka kafin a je kasuwa, a ɗakin ake fara tsayawa, tare da wadda za ta yi girki a cikinsa.

Abin da ake fara tantancewa shi ne irin girkin gidan. Kicin ɗin da ake gani a hotuna an tsara yawancinsu ne don ƙananan tukwane, alhali gidan da ake tuƙa tuwon mutum goma sha biyar yana buƙatar wurin manyan tukwane, da buhun shinkafa mai kilo 50, da jarkar mai. Idan daka da girkin gawayi a madafar waje za a riƙa yi, aikin na ciki ya ragu. Tsayin kanta da aka saba shi ne kimanin santimita 90, faɗinta 60, amma mai tuƙin tuwo takan fi samun sauƙi idan an saukar da gefen murhu ƙasa kaɗan. Tukunyar gas kuma waje ya fi dacewa da ita, inda iska ke ratsawa, domin gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo a ƙasan kabad yake taruwa. Duk wannan a rubuta shi a takarda ɗaya, ita za a nuna wa kowane mai neman aikin.

Daga nan sai a zaɓi tsarin ba da aikin. Akwai kamfanonin da ke zana kicin, su kawo kaya, su kafa. Sun fi tsada, amma in wani abu ya lalace ƙofa ɗaya ake ƙwanƙwasawa. Akwai jinga, inda kafinta ke karɓar kuɗin kaya da na aiki gaba ɗaya. A nan ribarsa takan ƙaru ne gwargwadon yadda ya rage ingancin kaya, don haka sai da sa ido. Akwai kuma inda mai gida ke sayen kaya da kansa, a Ƙofar Ruwa ko 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano, ko Dei-Dei a Abuja, ko kasuwar Katako a Yamai, ya biya kafinta kuɗin hannu. Wannan yana da sauƙin kuɗi ga wanda ya san kaya kuma yake da lokaci. Illarsa ita ce ranar da ƙyaure ya karkace, kafinta zai ce allon ne, mai allo ya ce yankan ne.

Kowace hanya aka bi, a nemi aƙalla mutum uku, kuma ta bakin waɗanda aka yi wa aiki. Hoton waya ba shaida ba ne, tunda kowa na iya kwafo shi daga intanet. Gani ya kori ji: a roƙi kafintan ya kai mutum gidan da ya yi aiki shekara biyu ko uku da suka wuce. Sabon kicin kowanne kyakkyawa ne, sai ya sha damina da hunturu ake sanin aikin, domin danshi na kumbura allo, bushewar hunturu kuma na buɗe haɗin da ba a yi da kyau ba. In an shiga, kabad ɗin ƙarƙashin wurin wanke-wanke ake fara buɗewa. Nan ruwa ke ɗiga, nan kyankyasai ke ɓuya, nan kuma ha'inci ke fara bayyana. A duba ko gindin allon ya kumbura, ko tef ɗin bakinsa ya ɓare, ko ƙyamaren sun sauka suna gogar juna. A ja durowa har ƙarshe a ji tafiyarta. Sannan a tambayi masu gidan, ba a gaban kafintan ba, ko ya gama a lokacin da ya ɗiba, da ko yana amsa kira bayan an biya shi. Kafintan da ya kasa nuna tsohon aiki ko ɗaya ya riga ya ba da amsa. Kamfani kuwa a tabbatar yana da rajista da hukumar yi wa kamfanoni rajista ta CAC, da wurin aiki da za a iya takawa a gani.

Batun alluna shi ne inda aka fi cutar mai gida, domin duk a lulluɓe suke da fata mai sheƙi, kuma sunan da ake kiran allo a kasuwa ba kullum yake daidai da abin da ke cikinsa ba. Bakin da aka yanka ake dubawa. Na burbushin katako ana ganin ɓarɓashi a cikinsa, shi ne mafi araha, kuma sukurori ba sa daɗewa a jikinsa. MDF sumul yake kamar gari da aka matse, yana kyau da fenti da ƙyamare, amma ruwa na shiga sai ya kumbura, ba ya komawa. HDF ya fi shi tauri. Filawud kuma ana ganin sa hawa-hawa, kuma mai jure ruwa daga cikinsa shi ya kamata a sa a wurin wanke-wanke ko da sauran kabad ɗin na wani allon ne. A karɓi guntun kowanne a jiƙa shi a ruwa ya kwana, da safe za a ga bambanci. Allo yawanci ƙafa 4 ne a ƙafa 8, kuma kaurin milimita 18 ake so ga jikin kabad. Ana iya kawo mai 15 a ce shi ne, don haka a auna. In da katako za a yi firam, ya zama busasshe, a kuma shafe shi da maganin gara.

A saman kanta dutsen giranit ya fi mabul dacewa da girkin ƙasar nan. Mabul yana da kyau a ido, amma lemon tsami da ruwan tsamiya na cin fuskarsa, manja kuma na barin tabo. Hinji da layin durowa ƙananan kaya ne, amma su ake motsawa kullum, kuma su suka fi saurin mutuwa; a ga samfurinsu kafin a yarda.

Awo wanda zai kafa kicin ɗin ne ya kamata ya ɗauka da hannunsa, bayan an gama filasta da tayil na ƙasa, domin bangon gini ba kasafai yake miƙewa sak ba. In shi ya auna, kuskuren awo nasa ne. Kafin a yanka allo ko ɗaya, a haɗa mai kafa kicin ɗin da mai famfo da mai wayarin a ɗakin, a sa alamar bututu da soket a bango, a kuma ba shi girman firji da kukar gas da za a saya. Dutse sai kabad sun zauna ake auna shi.

Kowane ɗaya cikin mutum ukun da aka nema ya kawo farashinsa a rubuce, dalla-dalla: irin allo da kaurinsa da yawansa, dutse, hinji, kuɗin mota, kuɗin hannu, da abin da ba ya ciki. Jimilla kaɗai ba ta nuna komai, sau da yawa mai araha ya cire dutse ne ko ya rage kaurin allo. Da yake yawancin allunan daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin canjin dala, don haka a rubuta kwanakin da farashin zai tsaya.

Yarjejeniya ta ƙunshi zanen da aka amince da shi, ranar farawa da ta gamawa, da tsawon lokacin da zai dawo gyara kyauta, kowa ya sa hannu gaban shaida. Kuɗi kashi-kashi ake biya. Kafin alƙalami ya tsaya kan kuɗin kaya, kuma a ga kayan da rasit ɗinsu kafin a lulluɓe bakinsu da tef. Kashi na biyu sai kabad sun iso gida. A riƙe wani abu, kamar kashi 10 cikin 100, har sai an gwada aikin. Biya ta banki ya fi, saboda yana barin shaida.

Ranar karɓar aiki a ɗora lebur a kan kanta a ga ta daidaita. Kabad na ƙasa su tsaya kan ƙafafu ko dakalin siminti, kada allo ya taɓa ruwan goge-goge. Na sama a tabbatar an ɗaure su da dogayen sukurori cikin bango, a girgiza a ji. A cika wurin wanke-wanke da ruwa, a sake shi, a sa hannu ƙarƙashi a laluba haɗin bututun, a duba ko an toshe tsakanin dutse da bango da gam mai hana ruwa. Haɗin gas da ruwan sabulu ake gwada shi, ba da ashana ba. In kumfa ta taso akwai yoyo. Abin da aka samu na gyara a rubuta, a ba kafintan, a yi girki na mako biyu a kicin ɗin, sannan a cika masa ragowar kuɗinsa.