Amsar Tambaya: Yaya Zan Jera Littattafan da Mahaifina Ya Bari?

Tambaya: Mahaifina malami ne a Bakura. Ya rasu ya bar mana akwati biyar na littattafai, duk a cakuɗe. Ta ina zan fara?

Amsa: Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa aljanna ce makomarsa. Ɗan'uwa, ka fara da fanni, kamar yadda aka karantar da shi. Fiƙihu gefe guda: Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala. Ajurumiyya ta bi Nahawu, Jalalaini ya bi Tafsiri, Ishiriniya ta shiga Madahu. Kada fannonin su wuce shida ko bakwai, in sun yi yawa kai ma za ka ɓata. Dubi kasuwar Talata Mafara ranar Talata: mai neman gero ba ya dosar kara, don ya san inda 'yan hatsi suke.

Sai dai littafi wuri ɗaya yake zama, alhali ta hanyoyi da yawa ake nemansa. Don haka ka sayi rajista, ka ba kowane littafi lamba, ka rubuta alamominsa a gabanta: rubutun hannu, ajami, wallafar Shehu Usmanu, wallafar Abdullahi na Gwandu, aro. Wannan ta ƙarshe ita ta fi damuna, domin aro ya cinye ɗakunan karatu da yawa. Littafin da aka ara aka kai Maradun, misali, rubuta sunan mai ɗauka da rana.

Warƙoƙin da suka warwatse kada ka jera su da ka. Nemi tsohon almajirin Malam ya duba kalmar da ke ƙasan kowace warƙa, ita ce farkon ta gaba. Kuma ka ɗaga akwatunan daga ƙasa kafin damina, saboda gara.