DARASI: SAƘA HULAR SANYI DA ZARE MAI KAURI

'Yan'uwa, kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, ga hunturu ya ƙarato. Daga Disamba zuwa Fabrairu sanyin asuba yakan tsananta, musamman a ƙasashen tudu kamar Jos da Mambila. Wanda ya fi shan wuyar wannan sanyi shi ne jariri. Kansa babba ne bisa ga jikinsa, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonsa, saboda haka ɗumin jiki yakan fita ta nan da sauri. Bakwaini kuwa sanyi kaɗai yana iya halaka shi. Bayan jarirai sai tsofaffi, da yara masu tafiya makaranta da sassafe, da masu ban ruwa a fadama. Hula ɗaya tana taimakon kowannensu, kuma da zare mai kauri ana iya gama ta cikin yini ɗaya ko biyu.

KAYAN AIKI

1. Zaren ulu mai kauri. Giram 100 ya isa hular babban mutum. In ba a sami mai kauri ba, a haɗa siriri biyu ko uku a saƙa su tare. Tsohuwar rigar sanyi ta gwanjo ma tana da amfani: a warware ta, a wanke zaren, a shanya shi a inuwa har ya miƙe.
2. Kibiyar saƙa guda biyu, masu kaurin milimita 6. Wanda ba shi da su sai ya feƙe gora, kaurinta ya kusa na fensir, ya kankare ta har ta yi santsi don kada ta kama zare.
3. Babbar allura, da almakashi, da tef na tela.

AWO KAFIN AIKI

Tun ran gini ran zane. Kowane madaukin zare da ke kan kibiya za mu kira shi ido. Ku fara ɗora ido 12, ku saƙa layi goma, ku auna faɗinsa. In ya ba da inci 4, to hannunku ya yi daidai, wato ido 3 a kowane inci. In bai kai ba, kuna matsewa da yawa, sai ku sassauta hannu ko ku nemi kibiya mai ɗan kauri. Wanda ya ƙi wannan gwaji yakan gama hula ta ƙi shiga kai.

Sa'an nan ku auna kewayen kai ta goshi da saman kunnuwa. Ku rage wajen inci 2, domin saƙa tana buɗewa, hula kuwa dole ta kama kai. Ga lissafin:

Babban mutum: kai inci 22, ido 60, tsawo inci 6.
Yaro ɗan shekara 4: kai inci 20, ido 54, tsawo inci 5.
Ɗan shekara 1: kai inci 18, ido 48, tsawo inci 4 da rabi.
Jariri: kai inci 14, ido 36, tsawo inci 3 da rabi.

Ku lura, kowane adadin ido a nan yana rabuwa gida shida ba saura. Wannan shi zai sa ragewa ta tafi daidai.

YADDA AKE SAƘAWA

Saƙa iri biyu ce kawai. In zare yana bayan aiki, aka soka kibiya cikin ido daga gaba zuwa baya aka jawo zare, wannan saƙar gaba ce. In aka kawo zare gaban aiki, aka soka kibiya ta gaban ido daga dama, wannan saƙar baya ce. A kowace ƙungiya ba a rasa mace ɗaya da ta iya su. A roƙe ta ta nuna wa saura.

Bakin hula: ku yi ido ɗaya gaba, ɗaya baya, har ƙarshen layi. Ku maimaita haka har ya kai inci 2, na jariri inci 1. Wannan baki shi ke buɗewa ya koma, ya rufe kunnuwa.

Jikin hula: layi ɗaya duka gaba, layi na biye duka baya. Ku ci gaba har tsawon, tun daga baki, ya kai abin da aka rubuta a lissafi.

Tsakar kai: a nan ake ragewa. Ku saƙa ido 4, ku haɗa 2 su zama ɗaya, haka har ƙarshen layi. Ido 60 zai koma 50. Ku dawo da saƙar baya ba ragi. Layi na gaba ido 3 a haɗa 2, sa'an nan ido 2 a haɗa 2, sa'an nan ido 1 a haɗa 2, kullum da layin baya a tsakani. A ƙarshe ku haɗa su bibbiyu, sai ido 10 su rage. Ku yanke zare ku bar tsawon kamu ɗaya, ku zura shi a allura, ku ratsa cikin idanun nan, ku ja ku tsuke. Da sauran zaren ku ɗinke gefe biyu ta ciki har baki.

GARGAƊI

Yawancin zaren kasuwa na roba ne. In wuta ta taɓa shi narkewa yake yi ya manne a fata, saboda haka a kula da yara wajen jin ɗumi. Kada a sa wa hular jariri igiya ko maɓalli, don gudun shaƙewa. In jariri yana gumi, ko yana zazzaɓi, ko zai yi barci a ɗaki mai ɗumi, a cire masa ita. Hula kuma ba magani ba ce. Yaron da ke tari yana numfashi da sauri, a kai shi asibiti ran nan. Wajen wanki a yi da ruwan sanyi, kada a murɗe, a shimfiɗa ta a inuwa.

AIKIN ƘUNGIYA

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ƙungiya ta ware ɗan kuɗi daga cinikin kaka, ta sayi zare a sari, ta raba wa masu saƙa, magatakarda ya rubuta abin da kowa ya karɓa. Wajen sa farashi a lissafa kuɗin zare da na mota da ladan aiki. Hular da ba ta shiga kasuwa da sanyi ba, sai ta kwana har baɗi.

TAMBAYOYI DON TARO

1. Mata nawa ne a ƙauyenku za su haihu cikin hunturun nan?
2. Kan yaro inci 16 ne. Ido nawa za a ɗora?
3. Wa zai koya wa saura, kuma wace rana za a fara?