Darasi: Yadda Hali Ke Kama Yaro

Darasinmu na wannan fitowa daga ilimin halayyar ɗan'adam ne, kuma ya shafi abin da kowace uwa ke fama da shi a ɗakinta.

Na ɗaya: haɗa abu biyu

Ivan Pavlov, masanin ƙasar Rasha da ya samu kyautar Nobel a 1904 kan binciken narkewar abinci, ya lura karnukansa na dalalar da miyau da zarar sun ga mai kawo musu abinci. Sai ya riƙa haɗa wani sauti da abincin, har ta kai sautin kaɗai na sa miyau zuba. Uwargida, haka ɗanki yake. In duk sanda aka ɗauko littafi sai tsawa da bulala sun biyo baya, littafin kansa zai zame masa dodo.

Na biyu: sakamako

B. F. Skinner na Amurka, a littafinsa na 1938, ya nuna cewa ɓeran da ya danna ƙarfe ya samu abinci yakan ƙara dannawa. Wato halin da lada ya biyo bayansa ƙaruwa yake yi. Bincikensa ya kuma nuna ladan da ke zuwa jefi-jefi shi ne ya fi sa hali wuyar bari. Misali, yaro ya sa kukan alawa, kin hana shi sau uku, a na huɗu kika gaji kika miƙa masa. To, kin koya masa cewa nacin kuka yana biya. Ranar da kika daina bayarwa, kukan zai fara tsananta kafin ya lafa. Kada ki karaya. Amma fa ban da kukan yunwa ko ciwo, wannan kulawa yake bukata.

Aikin gida na mako ɗaya

1. Zaɓi hali ɗaya tak da ke damunki.
2. Kullum ki rubuta abin da ya faru kafin halin, da abin da kika yi bayansa.
3. Da ya yi abin kirki ki yaba nan take, ki kama sunan abin: "Madalla, ka kwashe takalmanka da kanka."
4. Ku haɗa baki da maigida da kakarsa, kada ki hana wani ya bayar.

Ranar bakwai ki duba takardarki. Sau da yawa za ki tarar da hannunki a cikin halin. Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.