Darasi na Tara: Zare-zaren Abinci da Lafiyar Ƙashi da Haƙori Bayan Cire Tumbi

Gabatarwa

Wannan darasi zai nuna wa ɗalibi mai koyon aikin malanta yadda ake bayyana batun kimiyya da tatacciyar Hausa. A karanta da natsuwa, sannan a amsa tambayoyin.

Matani

Tun shekarar 1881, lokacin da likita Theodor Billroth ya yi nasarar yanke wani sashe na tumbin ɗan Adam a birnin Biyana, ake ceton rayuka da wannan tiyata, musamman masu fama da ciwon daji na tumbi. Sai dai bayan samun sauƙi, wata matsala takan biyo baya a ɓoye.

Kusan kashi 99 cikin 100 na sinadarin kalshiyam da ke jikin mutum yana cikin ƙasusuwa da haƙora. Ruwan tsamin tumbi yana narkar da shi domin hanji ya tsotsa. Idan babu tumbi, kalshiyam da bitamin D ba sa shiga jiki yadda ya kamata. Sannu a hankali ƙashi yakan yi rauni, har da na muƙamuƙi wanda ke riƙe da haƙora.

A nan ne wasu zare-zaren abinci ke da amfani. Ƙaramin hanji ba ya narkar da su, sai su isa babban hanji, inda ƙwayoyin bakteriya masu amfani ke cin su, suna fitar da tsami. Wannan tsami yana narkar da kalshiyam, babban hanji ya tsotse shi. A shekarar 1998 masana a Japan suka nuna cewa irin waɗannan zare-zare sun hana raunin ƙashi a ɓerayen da aka cire wa tumbi. Ɓera dai ba mutum ba ne, don haka ba su maye gurbin maganin likita ba.

Albasa da tafarnuwa, waɗanda ba baƙi ba ne a tukunyar mutanen Kucheri, suna ɗauke da su. Nono da kuka kuwa suna ba da kalshiyam. Majinyaci ya riƙa ci kaɗan-kaɗan, domin yawansu na kumbura ciki.

Auna Fahimta

1. Me ya haɗa tumbi da lafiyar haƙori?
2. Bayyana aikin babban hanji a wannan matani.
3. Tsara yadda za ka koyar da wannan ga 'yan aji shida na firamare.